Idon Inna da Na'urar Haske ta Ngaoundéré

Ana sallame asuba motarmu ta bar Garwa, ni da mahaifiyata da ƙanwata. Kwana uku ke nan da Inna ta fita takabar mahaifinmu. Tun watan farko take cewa tana ganin hazo, muka ce kuka ne. Ita ma ta ce ba za ta taka ƙofar gida ba sai kwanakin sun cika.

Mun haye gadar Binuwai gari na wayewa. A Ngong jandarmomi suka duba katin kowa, ɗaya ya daɗe yana kwatanta hotona da fuskata, kamar ni na rame da gangan. A Mbé doya ta fi ta Garwa araha nesa ba kusa ba. Daga nan sai hawan dutse, motar na nishi, sanyi na shigowa. Inna ta ci ƙosai biyu, ta ce ya isa.

A asibitin ido na Ngaoundéré aka ɗora haɓarta kan wata na'ura. Likita ya yi mana bayani da Fulatanci gauraye da Faransanci. Ya ce fitilar ciki ba launi ɗaya take fitarwa ba, launuka ne masu yawa a haɗe, waɗanda ido ba ya gani. Hasken yakan shiga har ƙarshen ido ya dawo, na'urar ta auna dawowarsa, ta zana abin da ya taras hawa-hawa, kamar gaɓar kogi da rani. Babu allura, babu yanka, ko minti biyar ba a yi ba.

Ya nuna mana wani layi da ya sirance.

"Dada, yaushe abin ya fara?" ya tambayi Inna, yana kiranta uwa da Fulatanci.

"Wata huɗu," in ji Inna.

Ya ce an makara, jijiyar idon hagu ta mutu, ba ta dawowa. Na dama za a iya riƙe shi da maganin ɗigawa, kullum, har iyakar rai. Ruwan ido ne ya taru yana danne jijiyar, kuka bai yi komai ba.

Washegari muka dawo Garwa bayan la'asar. Na tambayi limamin unguwarmu, ya ce mai takaba tana iya fita neman magani. Tafiyar ta koya mini cewa amsar tambayar nan ba ta fi taku ɗari daga gidanmu ba. Ban gaya wa Inna ba. Ni nake ɗiga mata maganin safe da yamma.