Malam Nasidi da Kofunansa Biyu

Kullum da hantsi Malam Nasidi yakan kafa teburinsa a gindin bango, daura da kotu a Umdurman. Sana'arsa rubuta wa mutane takardu: koke, wasiyya, shaidar sayen gida. Amma ba ya taɓa aikin kowa sai ya gama da kofunansa biyu, ɗaya ruwan tulu, ɗaya ruwan gishiri. Zai cika alƙalami da tawada, ya rubuta sunansa a guntayen takarda, ya bari su bushe, ya tsoma su a kofunan. Sai ya sha shayinsa. In ya ɗago ya ga harafi ya narke, kwalbar tawadar nan ta gama aiki, ko da jiya ya sayo ta.

Abokan sana'a sun daɗe suna masa dariya, wai Malam yana yi wa takarda alwala. Su shuɗiyar tawadar kasuwar Suk al-Shabi suke zubawa, ga kyau ga araha. Sau ɗaya Malam ya faɗi dalilin gishirin: matanmu a ƙirji suke ɓoye takarda, gumi kuwa ya fi ruwan sama cin rubutu.

Inna Karima shaida ce. Shekara goma sha biyu takardar gidanta tana jikinta, da ita ta ƙetare ambaliya. Bayan sojoji sun hau mulki aka zo rusau a unguwa, aka ce marar takarda ya kwashe kayansa. Maƙwabcinta Ishaku ya warware tasa, babu komai sai shuɗin tabo. Ta miƙa tata, ta yi laushi kamar tsumma. Jami'in rusau ya karanta har sunayen shaidu, ya tambaya wa ya rubuta.

Ta ce, "Mai alwalar nan ne, ɗana."

Gidan yana nan. A cikinsa ake wannan rubutu.

Bana ido ya gaza, Malam ya naɗe tebur. Baba Nasidi, kai ne ka yarda a yi maka dariya shekara talatin don kada a fitar da tsohuwa titi. Ba ka san gida nawa ka tsayar ba. Mu mun sani. Allah Ya saka maka, Ya ba ka lafiya.

Ku da kuka rage a gindin bangon, ya bar muku kofunan, ga su can a kan dakali. Ruwa da gishiri ba su gagari kowa ba. Ku tsoma kafin ku rubuta.