Gwangwanin Madarar Dattijuwa

Yau ma ba su ɗauke ni aiki ba. Na biyo ta kasuwa, takardar digirina na jaka. Gaban mai kayan miya wata dattijuwa na tsugune, gilashin idonta ɗaure da zare, tana tsintar tumatir daga kwandon da za a zubar. Kowanne sai ta shinshina, sannan ta sa a tsohon gwangwanin madara.

"Mama, ga leda," in ji mai kayan.

"Riƙe abarka, ɗana. Gwangwanin nan ya girme ka."

Da alama ta ciyar da babban gida lokacin wuya. Ta ɗauko wani mai ruɓaɓɓen gefe, ta daɗe tana dubawa. Na tsaya ina jiran hukuncinta. Ta cire gefen da farce, ta sa shi ciki.