Waƙar Ninian Mai Giɓi

Duk wanda ya taso a garin Stirling a wancan zamani ya san Ninian Gourlay, tsohon da ke ɗinkin takalma a bakin gada. Ya kuma san waƙarsa, in dai za a kira abin waƙa. Sai ya ja murya can ƙasan maƙogwaro, ya yi tsit yana kaɗa kai, sannan ya sake kamawa daga wani wurin dabam. Mata masu wanki a kogi suna cewa ɓera ne ya cinye masa rabin waƙar. Bakinsu dai ba ya hutawa, amma ko ɗaya ba ta taɓa tambayarsa dalili ba.

Da ƙuruciyarsa mawaƙi ne a ɗakin ibadar fada. Su biyar ne, kowa da muryarsa da hanyar da take bi, sai an tufka su kamar igiya waƙa take fitowa. Murya mai kauri ta can ƙasa ita ce rabonsa. Inda yake yin shirun nan, nan ne sauran suke shiga. Da addini ya juya, sababbin masu wa'azi suka ce wannan ƙawa ce ta banza, kowa ya bi murya ɗaya da harshen gari. Aka sallame su. Daga baya sarkin ma ya tattara ya koma Ingila, ya bar wa tantabaru fadar.

An taɓa ɗora Ninian a kujerar tuba gaban jama'ar coci saboda an ji shi yana rera waƙa da Latin, harshen tsohuwar ibada. Tun daga ranar ya zubar da kalmomin, ya riƙe muryar kawai.

Uku daga cikin abokan waƙarsa sun rasu, har da Dand, mai zaƙin muryar da Ninian ya fi so. Matar Ninian ma ta bi su. Kaɗaici kam ya sha shi, amma abin da ya fi cin ransa daban ne. Da can in ya yi shiru yana jin sauran a kunnensa. Yanzu sai ƙarar kogi. Yana tsoron kada kafin ya mutu ya manta yadda waƙar take in ta cika.

Mutum ɗaya ya rage, Mungo Tennant, a garin Culross. Shi kuwa ya zama dattijon coci mai tsanani, har ya taɓa aiko wa Ninian cewa kada ya ƙara tuna masa da zamanin ɓata. Duk da haka Ninian ya ƙulle gurasa da busasshen kifi, ya kama hanyar gidansa a ƙafa cikin sanyi.

'Yar Mungo ce ta buɗe ƙofa, Grizel, ita ma furfura ta fara fito mata. Ta gaya masa an binne mahaifinta tun kafin girbi. Ta ja shi kusa da murhu, ta zuba masa romo. Yana zaune yana kallon wuta, bai ma san ya fara gunjin nan nasa ba.

Grizel ta tsaya da ludayi a hannu. Ta ce haka mahaifinta yake yi, ya rera ya yi shiru, in ya sa sakata yana zaton ba mai ji. Ita ta ɗauka ruɗin tsufa ne. Yawan jin abin ya sa ya zauna mata a ka.

"Baba, sake daga farko," in ji ta.

Ya sake. Inda ya yi shiru ta shiga, da siririyar murya mai rawa. Inda ta tsaya ya karɓa. Hawaye suna bin gemunsa bai share ba. Can a tsakiya sai su biyun suka yi tsit tare.

"Na ɓata ne, Baba?"

"A'a, 'yata. Nan na Dand ne. Shi kaɗai yake yi."

"To mu tsallake?"

"Mu jira shi ya gama."

Suka jira. Romo yana hucewa a kwano. Ninian ya kasa kunne iya ƙarfinsa, bai ji komai ba sai iska a jikin ƙyaure. Ya ci gaba da kaɗa kai, sai da ya ba Dand lokacinsa duka sannan ya shiga.