Kwalta a Gindin Kwalekwalen Zahran

Yayana Darwish ba wani shahararren masunci ba ne. A ƙauyenmu na gaɓar tekun Batina akwai waɗanda suka fi shi sa'ar kama kifi da koma nesa ba kusa ba. Abin da aka san shi da shi guda ɗaya ne, yaƙi da kwalta.

Duk sa'ad da manyan jiragen dakon mai suka wanke cikinsu can tsakiyar teku, mu ake aiko wa da dattin. Sai a wayi gari gaɓa ta cika da baƙaƙen dunƙule kamar kashin awaki, su manne a ƙafa, a igiya, a koma, a jikin jirgi. Sauran maza kananzir suke kwarawa su huta. Shi kuwa ya ce warin kananzir korar kifi yake yi. Tun rasuwar matarsa ni ke yi masa girki, don haka madafata yake shigowa ya kwashe man da na soya kifi da shi. Ya shafa, ya jira kwaltar ta yi laushi, ya kankare da bayan wuƙa, ya bi da toka da yashi, sannan sabulu. Koma kuwa ƙulli-ƙulli yake bin ta yana murzawa, har yatsunsa suka rine suka ƙi komawa yadda suke.

Kwalekwale biyu yake kula da su, nasa da na ɗansa Zahran. Na Zahran ƙarami ne, na mutum ɗaya, shuɗi. Yaron ya bar shi ya tafi aiki a kan waɗannan jiragen man dai, daga baya ya samu kujera a tashar jiragen ruwa ta birni, ya yi aure can. Darwish bai taɓa yarda tafiyar ta zama tafiya ba. Kullum maganarsa ita ce yaro zai gaji da birni ya dawo teku. Saboda kada katakon ya bushe ya tsage, yakan shiga ruwa da shi lokaci-lokaci, ya dawo da gindinsa baƙi ƙirin.

To, a wajenmu ba a kife jirgin wanda ake jira. Sai mutum ya mutu, ko ya bar teku bari na har abada, sannan a kife nasa a kan yashi. Shi ya sa Darwish yake ɗora kwalekwalen a kan kututturan dabino, ya haƙa rami a ƙarƙashi, ya shige ya kwanta rigingine yana kankara, mai da kwalta suna ɗiga masa a gemu.

Ranar da na fara ganin haka na ce, "Yaya, kabari kake gwadawa tun yanzu? Ka juya abin nan ka yi aikinka kamar mutum mana!"

Ya ce daga cikin ramin, "Zuwaina, bakinki ya sari dutse. Miƙo min tsumma."

"In ya faɗo maka a ƙirji fa?"

"Sai ki huta da satar mai."

Na yi dariya, amma tausayinsa ya hana ni cin abinci ranar. Ni ma ina kewar yaron, a bayana ya girma. Sai dai ni na iya yin kewata a zaune, shi kuwa tasa sai da ta ci masa ƙugu da gwiwa, har sallah ta koma yi masa wuya a tsaye.

Bana, bayan ƙaramar sallah, Zahran ya zo da matarsa da 'ya'yansa a mota. Ya yi ƙiba, jallabiyarsa fara fat. Muka sha gahawa da dabino, aka yanka halawa, wato alewar wajenmu, Darwish sai washe baki yake yi kamar ango. Da safe kwalta ta sake cika gaɓa, shi kuma ya ɗauki gwangwanin mansa ya shige raminsa. Na san shi sarai, so yake yaron ya ga yadda aka riƙe masa kayansa.

Zahran ya zo ya tsaya a kansa. "Haba Baba! Wace irin wahala ce wannan? Gwaggo, ku kuna kallo yana kashe kansa?"

Na ce, "Ubanka ne, ka gwada hana shi mu gani."

Ya durƙusa ya jawo tsohon daga ramin, ya kakkaɓe masa yashi a baya. Kafin in buɗe baki ya nannaɗe hannun riga, ya kama gefen kwalekwalen, ya juya shi tim a kan yashi.

"Ka gani? Yanzu ko a zaune sai ka goge shi."

Wallahi ba da mugunta ya yi ba. Mantawa ya yi, kuma mantuwar ce ta fi yi min ciwo. Darwish ya dubi jirgin, ya dubi ɗansa, ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Ya zauna ya goge shi tas, kafin azahar ya gama aikin da yakan cinye masa yini.

Da la'asar suka kama hanyar birni. Washegari na same shi a gaɓa yana tsince komarsa, na kama gefen kwalekwalen na ce, "Taso ka kama min mu mayar da shi daidai, Yaya. Yaro ne, bai sani ba."

Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Bar shi, Zuwaina. Mai shi ne ya kife shi."