Gaida Suruki da Wat Biyar

A shekarun da gwamnatin Ingila ta tsuke bakin aljihu, muna zaune a Levenshulme, wata unguwa a Manchester, cikin gidajen nan masu manne da juna, waɗanda in maƙwabci ya yi atishawa sai ka ji kamar ka yi masa addu'a. A bayan gidan akwai ɗan fili da bai wuce shimfiɗar tabarma uku ba. Nan na kafa sandar kamun kifi, na ɗaura mata waya, na ce ita ce eriyata. Rediyon kuwa, irin wanda ake magana a ciki a amsa maka, yana ɗakin tarkace. Ƙarfin lantarki wat biyar kacal nake fitarwa, ko ƙwan fitilar firji ya fi ni ƙarfi. Masu manyan na'urori suna ta ruri, ni kuwa daɗina shi ne in yi raɗa a Manchester wani ya ji ni a Finland.

Surukina, mahaifin matata, ya shiga wannan harka tun ina wasan ƙasa. Injiniyan sadarwa ne tun daga Kaduna, kuma bayan rasuwar matarsa ya zauna shi kaɗai a Erdington, can Birmingham. Abin da ke fitar da shi gida shi ne ƙungiyarsu ta tsofaffin masu rediyo, da ke haɗuwa a wani ɗaki na hukumar gari. Da aka rufe ɗakin sai ƙungiyar ta watse, shi kuma ya lulluɓe rediyonsa da tawul ya zauna. In matata ta buga masa waya, "lafiya lau" zai ce, ya tambayi yara, ya ajiye. Da ta je ganinsa, tana share hawaye ta dawo. Ya rame, kuma magana sai an ja ta daga bakinsa.

"Tunda council suka rufe centre ɗin nan, Baba ba ya fita sai in zai ga GP, likitansa," in ji ta. "Kai da ake jin ka a Finland, Birmingham ce za ta gagare ka? Ka nemo min shi."

Birmingham ɗin ce kuwa ta fi wuya. Muryar rediyo sama take tashi, ta daki wani rufin iska can ƙololuwa, sannan ta faɗo da nisa. Gari na kusa tsallake shi take yi. Ga shi a shekarun rana ta yi lalaci, rufin nan ba shi da ƙwari, sai da safe hanya kan ɗan buɗe kafin ta sake toshewa. Wannan duk mai sauƙi ne a kan kunya. Tunda na auri 'yarsa ban taɓa yi wa mutumin nan maganar da ta wuce gaisuwa ba. In ya shigo falo, ni kan tuna ina da aiki a kicin.

Matata ce ta shirya komai. Ta ce masa ina neman wanda zai gwada min na'ura ranar Asabar da safe. Ya ce, "To."

Asabar ta zo, na kira, na sake kira. Can cikin ƙarar da ke kamar ana suyar ƙosai, sai ga muryarsa siririya. Ban san sanda na tuɓe takalmi ba. Na dai tsinci kaina durƙushe a gaban tebur, makirfo a hannu biyu.

"Baba, ina kwana? Over."

"Lafiya lau. Over."

"An tashi lafiya? Over."

"Lafiya ƙalau. Ya iyali? Over."

A rediyo mutum biyu ba sa magana tare, sai ɗaya ya ce "over" ya saki sannan ɗaya ya kama, don haka kowace gaisuwa ta ninka tsawonta. Muna kan "ya sanyi" hanya ta rufe, murya ta nutse. Na waiga, ga matata a bakin ƙofa ta riƙe ciki don dariya.

"Shi da ba ya ganin ka, wa kake durƙusa wa?"

Na ce ai ni ina ganin kaina.

Asabar ta biyu ma haka ta tafi. Mun kai har "ya jin jiki", sai wani Bature daga Wales ya tsoma baki cikin ladabi, yana tambaya ko wata sabuwar gasa ce ake yi. Kafin in gama yi masa bayani Baba ya ɓace. Ranar na ji haushin kaina sosai, don matata ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ni yadda muryarsa take, ni kuwa ba abin da na samo mata sai "lafiya lau" ɗin da take samu a waya.

A ta uku na buɗe baki ke nan da "ina kwana" ya katse ni.

"Kai, bar gaisuwar nan, band ɗin zai rufe! Ba ni report. Over."

Masu rediyo kan faɗa wa juna ƙarfin murya da lamba, biyar da tara ita ce ƙoli. Da kyar nake jin sa, amma wane ni in ce wa suruki muryarsa ba ta fita? Na ce, "Five nine, Baba."

"Five nine a ina? Ni three three nake jin ka, kamar kana cikin rijiya. Wace irin eriya ka kafa?"

Na faɗa masa, har da sandar kamun kifin. Aka yi shiru, na zaci hanya ce ta rufe. Ashe dariya yake yi bai danna makirfo ba, sai wutsiyarta na kama.

"A tsaye? Shi ya sa kake wuce ni ta saman kai! Kwantar da ita ake yi ƙasa-ƙasa. A'a, kar ka taɓa komai, ɓatawa za ka yi. Zan shigo train ranar Asabar."

Ya zo da ƙunshin waya a jakar kanti. Ya sa na hau tsani yana ba ni umarni, ya ƙwace wa 'yarsa rabin igiyar shanya, ya yi min faɗa a kan yadda nake ɗaurin waya. Tuwo kuwa sai da aka ƙara masa.

Mako na zagayowa muryarsa ta cika ɗakin tarkace tangaran.

"Good morning, old man."

Haka masu rediyo ke kiran juna, yaro da babba. Amma in ji surukina ya ce min tsoho, sai na rasa inda zan sa kaina. Na fara lalubo "ina kwana", ya sake katse ni.

"Yi sauri, ba ni da lokaci. Tsofaffin club ɗin nan a flat ɗina za su haɗu yau, ga madara ta ƙare, sai na leƙa kantunan high street. In ba ka da wata magana, sai wani satin. Over."

Ban taɓa jin daɗin a sallame ni ba kamar ranar. Matata tana zaune a kan matakala, kwandon wanki a cinyarta.

"Ka ji?" ta ce. "Wai Baba ne ba shi da lokaci."