Mai Nono a Hanyar Gabas

Ni 'yar fari ce, kuma uwata Bafillatana ce ta gidi. Wanda ya san filako ya riga ya gane sauran. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa yi mini magana ido da ido ba. In ta matsu sai ta ce “waccan”. Ana yaye ni Goggo, yayar mahaifina, ta goya ni ta kawo ni Dutse, a hannunta na girma a unguwar Limawa. Ba ƙi ba ne, kunya ce, kowa haka yake ce mini. To na ji, amma kunyar nan ni ta ci, ba su ba.

An ɗaura mini aure da kaka, a shekarun da Nasara suka zauna a Kano, mutane suna ta kwarara gabas. Mijina maɗinkin hula ne, ni na ce ina son sa, kuma tun kafin a kai gaisuwa ya faɗa mini niyyarsa: Makka zai tafi a ƙasa, yana ɗinki a hanya muna ci. Tafiya ce ta shekaru, wasu su dawo, wasu sai labari. Na ce ko bangon duniya ne mu je. Yarinta!

Ban gama sanin inda ake ajiye muciya a gidansu ba muka ɗaura wa jaki kaya, da buhun dabinon Dutse na tsaraba, muka fara yawon sallama. Malam, wato mijina, ya tsara shi yadda zai bi da mu gabas a hankali: Kiyawa wajen kawunsa, Jahun wajen abokinsa na ƙuruciya, sannan rugarmu da ke kusa da Kafin Hausa.

Shi kam ya sha daɗi. Duk inda muka sauka sai a yanka kaza, a shimfiɗa masa buzu a zaure, ina jiyo dariyarsa ta kan katanga. Ni kuwa a shige da ni cikin gida, a zaunar da ni a ƙuryar ɗaki da mayafi har haɓa. Mata su leƙo su ce, “Ah, amaryar fara ce,” su koma bakin murhu su ci gaba da hirar mutanen da ban sani ba. A kawo tuwo in ɗan taɓa in ture, don kada a ce amarya ta cika ci, alhali yunwa kamar ta kashe ni. A Jahun matar abokinsa ta wuni tana lissafa mini waɗanda suka tafi gabas ba su dawo ba, da murmushinta, wai hira take yi mini. Da ba a gidanta nake ba da ta ji bakina.

Ban damu da su sosai ba, don hankalina yana ruga. Abu ɗaya nake so kafin in bar ƙasar nan: Inna ta dube ni ta ce, “Allah ya kiyaye hanya,” da bakinta, ba saƙo ba. Na ce a raina ai wannan tafiyar ba irin ta zuwa kasuwa ba ce, dole ta sassauta.

Mun isa da la'asar, shanu suna dawowa. Tun daga nesa na hango ta tana ɗaure 'yan maruƙa. Ita ma ta hango mu, sai ta saki igiya ta shige bukka. Malam ya ja ya tsaya a gindin wata tsamiya a bayan ruga, don shi ma ba ya haɗa ido da suruka. Ka ji fa. Mutum biyu da na fi so a duniya, ɗaya yana bayan itace, ɗaya tana bayan asabari, ni ina tsaye a tsakiya da buhun dabino.

Ƙanwata ce ta tarbe ni. Ita auta ce, har cinyar Inna take hawa, su yi ta faɗa da dariya a ƙwarya ɗaya. Ita ta riƙa kawo mini fura, ta ce, “Inna ta ce a ba baƙi.” Na kwana biyu a rugar nan ina jin muryar uwata tana yi wa kowa magana, har da shanu, kowace da sunanta. Wallahi na yi kishin wata jar saniya.

Ran da za mu tashi na yi abin da ba a yi. Na je ƙofar bukkarta na durƙusa. Tana zaune tana kaɗa nono da maburgi.

Na ce, “Inna, zan tafi.”

Maburgin bai tsaya ba.

Na ce, “Inna, gabas fa za mu. Ba a san dawowa ba.”

Sai ta ɗaga murya ta kira ƙanwata, ta ce, “Ki ce wa baƙin nan rana tana yi.”

Raina ya ɓaci. Na tashi na kaɗe zanina, na wuce Malam a gindin tsamiya ko kallonsa ban yi ba. Ya kora jaki ya biyo ni yana cewa, “Amarya, a hankali mana.” Na ce masa ya rabu da ni. Ina tafe ina kuka, ina cewa ashe ni marainiya ce ban sani ba.

Mun yi nisa, mun wuce gonakin dawa da aka girbe, mun shiga wani fili mai sabara da ba gida ba bukka, sai na ji daga baya an ce, “Nono! A sayi nono!”

Na san muryar. Na waiga, ga ta can da ƙwarya a ka, tana tafe a hankali tana kallon gefe. Kasuwar da take kai talla tana yamma, kuma ranar ba ma ranar cinta ba ce. A dajin nan babu mai sayen nono sai tsuntsaye.

Malam ya yi tari, ya ce jakin nan kamar yana ɗingishi, bari ya duba shi a can gaba. Ya ja shi ya ba mu baya. Allah ya jiƙan mutumin nan.

Na tsaya a bakin hanya har ta iso. Na ja mayafi na rufe fuska, na ce, “Mai nono, a zuba mini.”

Ta sauke ƙwarya, ta buɗe faifai, ta cika ludayi ta zuba a ƙoƙo. Idonta yana kan nonon.

Ta ce, “Baƙuwa, ina aka nufa?”

Na ce, “Gabas.”

“Da nisa. Mijin naki yana da haƙuri?”

“Yana da shi.”

“Madalla, don na ga alamar ke ba ki da shi.”

Dariya ta kusa ƙwace mini cikin kuka. Na shanye na miƙa ƙoƙon, ta sake cikawa. Ta ce kada in sha ruwan tafki sai na tace da gefen mayafi. Ta ce in na samu ciki in nemi tsohuwa a ayari in manne mata. Ta ce in riƙa shafa man shanu a ƙafa saboda faso. Duk tana faɗa ne kamar yadda ake faɗa wa matafiyar da aka haɗu da ita a hanya. Ni kuwa na gane muddin ina sha tana da dalilin tsayawa, sai na yi ta miƙa ƙoƙo. Cikina ya cika ya ɗaure, nono yana neman dawo mini ta hanci, ban daina ba.

Can ta ce, “Kina da uwa?”

Na ce, “Ina da ita.”

Ta ce, “To kada ki daɗe. Ki dawo ki same ta.”

Ludayin ya fara kartar gindin ƙwarya. Ta karkata ta, ta tattaro ɗan abin da ya rage ta zuba mini. Na riƙe shi a baki na ƙi haɗiyewa, amma dai ya wuce. Ta rufe faifai, ta ɗora ƙwaryar a ka, ta ce, “Allah ya kiyaye hanya, baƙuwa.” Ta juya yamma. Na tsaya ina kallon bayanta har sabara ta rufe ta, ba ta waigo ba.

Mun daɗe. Na dawo da 'ya'ya suna jin Larabci, na tarar rugar ta tashi saboda jangali, ƙanwata ta zama uwar gida a Garki. Ita ta nuna mini inda aka binne Inna. Na tambaye ta ko Inna ta taɓa ambatona bayan tafiyata. Ta ce a'a, ko sau ɗaya. Sai dai duk matafiyin da ya fito daga gabas takan tsayar da shi ta ba shi nono, ta tambaye shi ko ya gamu da wata baƙuwa marar haƙuri.