Tuwo Ba Ya Zuwa Fadaman Mada

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a jami'a a nan Bauchi, rawar kai ta sa na zaɓi furojet a kan abin da ke riƙe furoton da niyutiron a cibiyar atam. Bayanin dai shi ne suna miƙa wa juna wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira meson, wannan musayar ce take ɗaure su. Na cika shafuka da lissafi, ina tafiya ina ɗaga kafaɗa.

Saura kwana huɗu a rufe karɓar aiki na kai wa malamina, wani dattijo Kirista daga kudancin jihar nan. Ya duba shafi biyu ya rufe.

"Me ya sa ƙarfin nan yake mutuwa da zarar sun ɗan yi nisa da juna?"

Na miƙa hannu zan ɗauki alli. Ya ce, "A'a, da baki." Na shiga maimaita masa abin da ke shafin. Ya ce hadda na yi, shi kuma ba ya sa hannu a kan hadda. In bai sa ba, maimaita shekara ta kama ni.

Na koma gida Gwallaga jiki a sanyaye, na tarar da mahaifiyata tana kwasar tuwo. Ta dube ni ta ce, "Wa ya mutu?" Na yi mata bayani sama-sama, irin na wanda ya riga ya yanke cewa ba za a gane ba.

"Wato kwano suke miƙa wa juna, kamar mu da maƙwabta," in ji ta. "To wanne ne ba ya zuwa nesa?"

"Mai nauyin, Inna."

"Yo ai dole. Ka taɓa ganin na aika wa gwaggonka tuwo da miya Fadaman Mada? Kafin keke ya kai ya huce, miyar ta zube. Tuwo na gidan da muka haɗa katanga ne. Ita sai daddawa da kuka, da ba su da nauyi. Gidan da ko daddawa ba ta kaiwa kuwa, ai zumunci ya tsinke."

Kunya ta rufe ni. Wata shida ina rubuta wannan maganar da lissafi ban ji ta ba. Fayon, mafi rashin nauyi a cikin meson, shi ke kaiwa nesa, masu nauyin sai kusa da kusa, bayan nan kuma babu abin da ke isa.

Washegari na zayyana wa malam, har da miyar da ke zubewa. Ya tambaye ni inda na samo. Allah Ya yafe mini, bakina ya ƙi furta cewa matar da ba ta taɓa shiga ajin boko ba ce ta koya mini. Na ce a wani littafi na gani a laburare.

"Kawo mini shi gobe, sai in sa hannu."

Na sunkuyar da kai na ce, "Malam, littafin yana Gwallaga, yana tuƙa tuwo."

Ya yi dariya har da hawaye, ya sa hannu. Sannan ya ja ni wurin motarsa, ya ɗauko ƙullin acca da aka kawo masa daga ƙauye. "Kai wa Mama. Ta aiko mini da abu, ba zan mayar da ɗan aikenta hannu wofi ba."

Har yau ƙaryar nan tana cizona, don na kusa sayar da mahaifiyata saboda son a ce ni masani ne. Ita ko da na faɗa mata, dariya kawai ta yi, ta ƙulla daddawa ta ce in kai masa. Haka suka ci gaba, acca ta zo, daddawa ta tafi, duk ta hannuna, ba su taɓa ganin juna ba.

Ranar da Inna ta rasu, na ɗago kai a wurin zaman makoki na hango malam a ƙarshen tabarma, ya tuɓe takalmi, ƙullin acca a kan cinyarsa.